Ana Nemanka a Makaranta

Kujera ɗari da ashirin ke cikin zauren taron firamaren da ke bayan tashar bas, kuma ranar da maganar nan ta soma mutum bakwai ne a kansu. Cikin bakwai ɗin ma ɗaya mai gadi ne da aka ce ya zauna ya ƙara yawa, ɗaya kuma fanka ya biyo ya yi barci.

Hedimasta ya dubi kujerun, ya dubi takardar jawabinsa mai shafi shida, ya ninke ta ya tura aljihu.

"Iyaye," ya ce, "yara ɗari huɗu muke da su. Wasiƙa ɗari huɗu na aika. Na ga wasu a kwata an yi jirgin ruwa da su. Asabar mai zuwa za mu sake gwadawa. So nake a kafa kwamitin iyaye, a zaɓi shugaba, mutumin da makaranta za ta riƙa jin unguwa ta bakinsa, unguwa ma ta riƙa jin makaranta. Zai zauna nan kusa da ni a kowane taro."

Ya dafa wata kujera mai hannu da ke gefen teburinsa. Ita kaɗai ce mai katifa a duk ginin.

A sahun gaba akwai Goggo Barmin, kakar wata yarinya 'yar aji huɗu. Sunan nan ba a banza ta same shi ba. Famfo ya ƙi ruwa, "bar min." Mata da miji sun saɓa, "bar min." Ta taɓa karɓar fankar maƙwabta ta gyara, har yau fankar bango take hura wa iska. Mu tsofaffin mata mun san ciwon nan, don yawancinmu muna ɗauke da shi: da zarar 'ya'ya sun girma sun daina jin maganarmu, sai mu fita neman garin da zai ji.

Goggo ta ga kujerar, kujerar ta shiga ranta.

"Malam, bar min," ta ce. "Wasiƙa ba ta da ƙafa, ba ta da baki. Ni ina da duka biyu. Ran Asabar sai an ari kujeru daga waje."

Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidanta shekara ashirin, ya yi dariya ta hanci. Shi ma ya hango katifar.

"Goggo, ke da ko kajinki ba sa zuwa in kin kira su?"

"Kajina sun fi abokan cinikinka yawa. Ka je ka gama wandon da aka ba ka tun yaron yana rarrafe, yanzu gemu yake nema."

"Mu gani dai ran Asabar."

"Za ka gani. Wanda ya tara mutane shi mutane za su zaɓa. Ka zo da wuri ka samu wurin tsayawa."

Ran Litinin da sassafe ta ɗaure ɗankwali, ta sa takalmin roba, ta shiga unguwa da jawabin da ta tsara. Tana sallama sai ta fara: haɗin kai, makomar yara, makaranta gidan kowa ce. Mai kanti ya saurare ta yana auna wa wani sukari, ya ce in Allah ya yarda. Mai Wanki, wadda ke da tagwaye a aji uku, ta ce in Allah ya yarda, hannunta cikin kumfa, ba ta ko ɗago ba. Mai nama ya ce in Allah ya yarda sau biyu, ya ƙara da "sosai ma." Goggo ta girme wa wannan amsa. Ita kanta da ita take korar masu gayyar da ba za ta je ba.

Gida talatin da ɗaya ta shiga kafin azahar, ba ta fito da mutum ɗaya ba. Sanda ta kai garejin Makanike ƙafafunta sun kumbura, maƙogwaronta ya bushe, jawabin duk ya zube a hanya. Ta jingina da wata mota marar taya, ta sauke numfashi mai nauyi, ta ce da ƙafafun da ke leƙowa daga ƙarƙashin motar:

"Ana nemanka a makaranta ran Asabar."

Sifana ta faɗi ƙasa. Makanike ya zamo waje kamar an ja shi da igiya.

"Me ya yi?"

Goggo ta buɗe baki za ta ce babu komai, amma numfashi bai dawo ba tukuna, sai kai kawai ta girgiza.

"Innalillahi. Har ya kai haka? Goggo, ki gaya min, ni ubansa ne."

A nan ne abin ya faɗo mata. Ta dubi fuskar mutumin, ta ga gumi ya keto ta cikin baƙin mai. Tun da aka gina makaranta a duniya, ba a taɓa kiran uba don a ce masa ɗansa ya kyauta ba. Ta gyara mayafi, ta runtse ido.

"Ni dai aiko ni aka yi, ɗan nan. Ka ji daga bakin Hedimasta."

"Ƙarfe nawa?"

"Goma."

"Tara zan zo."

Ta fita daga garejin ciwon ƙafa ya warke. Ta koma ta bi gidajen nan talatin da ɗaya daga farko. Wannan karon ba jawabi. Kalma huɗu ce, da ajiyar zuciya ɗaya, da girgiza kai. Zuwa Talata ta ƙara gwanancewa: in yaron gidan yana tsakar gida sai ta tsaya ta dube shi na ɗan lokaci, ta ce "Allah ya shirya," ta fita. Mai kanti ya zubar da sukari. Mai Wanki ta tsame hannu daga kumfa ta ce, "Wanne daga ciki?" Goggo ta ce, "Hmm," Mai Wanki ta ce, "Duka biyun? Na shiga uku."

Kuma ta riƙa gaya wa kanta ba ta yi ƙarya ba. Ana neman su, a makaranta ne, ran Asabar ce. Wace kalma ce ƙarya a ciki?

Zuwa yammacin Laraba unguwa ta koma ofishin 'yan sanda. Ta kowace katanga abu ɗaya kake ji: "Ka faɗa da bakinka kafin in ji a waje!" Yara kuwa, da yake kowane yaro mai lafiya yana da abin da ya binne, suka soma tonowa. Wanda aka tsare kan abu ɗaya ya faɗi uku, don bai san wanne aka gano ba. Ɗan Makanike ya amsa shi ya fasa tagar aji biyar. Uban ya ce, "Sai me kuma?" Ya ce shi ya kwance kan famfo. Uban ya ce, "Sai me kuma?" Yaron ya rasa, ya ɗauki laifin wani abokinsa ya ƙara don a ƙyale shi.

Tagwayen Mai Wanki suka ce su suka sa ƙadangare a jakar malamar lissafi, amma 'yar mai kanti ce ta kamo shi. Mai Wanki ta ɗaura zani ta tafi kanti. Matar mai kanti ta fito. Aka yi ta a bakin titi har masu babur suka kashe inji suna kallo, aka tono maganar wani bokiti da aka ara shekara huɗu da suka wuce, aka tono ta wata akuya da ta riga ta mutu.

Goggo tana zaune a ƙofar gida tana kallo, tana lissafa kujeru a ranta.

Daga nan sai aka soma zuwa kamun ƙafa. Mai nama ya zo ya durƙusa, hula a hannu.

"Goggo, mun san ke da Hedimasta ba kwa ɓoye wa juna magana. Yaron nan shi kaɗai ne namiji gare ni. Kar a kore shi."

Mai hankali a nan zai tsaya. Goggo kuwa daɗi ne ya hau mata kai.

"Bar min. Zan yi masa magana. Amma fa ka zo, kuma in an zo zaɓe ka san wanda ya tsaya maka."

"Har da matata zan zo, da ƙanena."

Kafin Juma'a ta yi wa gida ashirin da shida alkawarin ceto. Wasu ta ce musu an sassauta, wasu ta ce ana dubawa, wani ma da ya taɓa hana ta kujera a bas ta ce masa nasa da wuya.

A makaranta kuwa malamai sun rasa gane kan yaran. Ba mai makara, ba mai surutu, allo a goge, tsakar gida a share. Wani yaro ya gaida Hedimasta sau huɗu kafin tara. Hedimasta ya hango Goggo ta zo wucewa, ya ɗaga mata hannu.

"Goggo, ban san me kike gaya musu ba, amma yana aiki!"

"Malam, sanin hanya ne. Ba a koyar da shi a kwaleji."

Tela duk yana shagonsa yana taka keke, kunnensa a waje. Ba ta je masa ba, don ta san ba zai faɗa ba. Amma duk wanda ya kawo ɗinki a makon nan da maganar yake zuwa, kuma kowa kalma huɗun nan yake maimaitawa, ba ƙari ba ragi. Ran Juma'a da yamma ɗan Goggo, direban bas, uban yarinyar nan 'yar aji huɗu, ya ajiye mota ya zo zai shiga gida. Tela ya kira shi, ya cire tabarau, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ana nemanka a makaranta gobe."

"Ni? Me ta yi?"

Tela ya girgiza kai. "Ni dai ji na yi. Kar ka gaya wa Goggo, ka san hawan jininta."

Ran Asabar tun takwas da rabi layi ya kai bakin titi. Kujera ɗari da ashirin suka cika, aka kwaso bencina daga azuzuwa suka cika, maza suka tsaya a tagogi. Kowane uba da ɗansa a gefe, riƙe da wuyan hannu. Ba mai gaisawa da wani. Kuma kusan kowa da ƙunshi.

Goggo ta iso cikin atamfar da take ajiya don manyan ranaku, ta ratsa tsakiya a hankali, tana amsa gaisuwa da ka. Ta zauna a sahun gaba, daidai saitin kujera mai katifa. Ta waiwaya ta nemo Tela, ta same shi a tsaye jikin bango.

"Ka samu wurin tsayawar?"

"Na samu, Goggo. Daga nan komai ana gani."

Hedimasta ya shigo, ya tsaya cak. Idonsa ya kawo ruwa. Ya zaro jawabinsa mai shafi shida ya warware.

"Iyayena, 'yan uwana, yau ranar farin ciki ce."

Ba wanda ya tafa. Wata mata a baya ta fashe da kuka.

Ya yi shafin farko kan haɗin kai. Ya shiga na biyu kan makaranta da al'umma. Yana tsakiyar na uku Makanike ya miƙe.

"Malam, don girman Allah ka bar kewaye-kewaye. Mun san abin da ya tara mu. Ni ga nawa." Ya taka gaba ya ajiye kan famfo a kan tebur, ƙwal. "Gilashin tagar ma na yanko, yana waje."

Hedimasta ya dubi kan famfon. "Wannan ai wata biyar muna nemansa."

Kamar an buɗe rumbu. Mai nama ya kawo ƙararrawar makaranta, wadda aka daɗe da haƙura aka koma buga tsohon ƙarfen taya. Wani ya kawo ƙwallo biyu. Wata ta kawo tabaran malamin aji shida, wata rajistar aji biyu da shafin watan jiya a yage, wani mariƙin ƙofar banɗaki. Wani dattijo ya ajiye taswirar duniya mai juyawa, ya ce shi a zatonsa kyautar na ɗaya jikansa ya ci, har ya kira 'yan uwa an gani. Teburin ya cika har Hedimasta ya ɗauke jawabinsa.

"Tsaya, tsaya! Wa ya ce ku kawo waɗannan?"

"Ba kai ka ce ana nemanmu ba?" in ji Mai Wanki.

"Taro na kira. Taron zumunci. Mu san juna, mu zaɓi shugaban iyaye."

"To laifin tagwayena fa?"

"Wane laifi? Ni ban san sun yi komai ba."

Ɗaya daga tagwayen ya dubi ɗan uwansa. "Ka ji? Ba wanda ya sani! Na ce maka mu yi shiru!"

Malamar lissafi ta miƙe daga gefe. "Shiru kan me?"

Zauren ya kaure. Mai nama yana cewa kwana uku bai yi cinikin kirki ba. Matar mai kanti tana cewa an zage ta a titi a banza. Makanike ya ce ya hana ɗansa kallon ƙwallo har ƙarshen shekara, ya rantse, yanzu yaya zai yi da rantsuwar? Sannu a hankali kawuna suka riƙa juyowa sahun gaba.

Goggo ta miƙe. In dai ƙarfin hali ne, ba a taɓa raina mata ba.

"Ku dakata! Wa na ce wa ɗansa ya yi laifi? Ya ɗaga hannu. Cewa na yi ana nemanku a makaranta. Nan ina ne? Kasuwa?"

"Kin girgiza kai!" in ji Makanike.

"Kaina ne. Wuyana ke ciwo."

"Kin ce min nawa da wuya!" wani ya ɗaga murya daga taga.

"Tarbiyyarsa nake nufi, kuma ga rajista nan a yage, na yi ƙarya? Ku dubi teburin nan! Ku da za ku gode min. Ni na tono muku abin da ke cikin gidajenku. Gidan da aka san tarbiyya, kamar nawa, kun ga an kawo ko allura?"

"Goggo."

Muryar ɗanta ce. Direba yana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da hannun 'yarsa, ɗaya hannun da littafin aikin gida. Mutane suka buɗe masa hanya da sauri irin na masu jin ƙanshin abu.

"Kai kuma me ya kawo ka? Ba ka da lodi yau?"

"An ce ana nemana. Na tsare yarinyar nan jiya, ta faɗa min komai." Ya juya ga Hedimasta. "Malam, a yi mana afuwa. Aikin gidan da take kawowa tun farkon zango ba ita ke yi ba. Kakarta ke karɓewa ta ce a bar mata."

Malamar aji huɗu ta taso kamar wadda aka yi wa albishir. "Alhamdu lillahi! Wata uku ina rasa barci kan yarinyar nan. A aji tara bisa goma, a gida biyu bisa goma. Har na fara zaton wani abu ke damunta a gidan."

"Wani abu ke damunta," in ji Tela daga bango.

"Malama, ba sai an buɗe ba," Goggo ta ce. "Maganar cikin gida ce."

"A buɗe!" in ji zaure gaba ɗaya. "Namu ma a tebur yake!"

Malama ta buɗe. "Tambaya: mace ta sayi ƙwai goma sha biyu, uku suka fashe a hanya, nawa suka rage? Amsa: ta koma ya canza mata, ƙwai mai kyau ba ya fashewa haka kawai."

Dariya ta tashi. Goggo ta ce, "To ƙarya ne?"

"Tambaya: me ya sa ake wanke hannu kafin cin abinci? Amsa: wanda bai sani ba a tambayi uwarsa."

Mai Wanki, da ta zo da kuka, ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa.

Malama ta juya shafi, ta rufe littafin. "Wannan a bar shi."

"A karanta!"

"Tambaya: ambaci dabbobi uku da ake samu kusa da gida. Amsa: kaza, kyanwa..." Ta dubi bango. "Tela."

Mai gadi sai da ya fita waje ya dafa bishiya. Hedimasta ya rufe fuska da shafi na huɗu, kafaɗunsa suna rawa. Makanike da ɗansa, da ba su yi wa juna magana ba tun Laraba, suka haɗa kai suna share hawaye. Tela kuwa ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Malama, an ba ta maki a kan wannan?"

"Biyu bisa uku."

"To na gode wa makaranta."

Da ƙyar Hedimasta ya samu aka yi shiru, sai da ya buga ƙararrawar da aka dawo da ita. Ya ce tun da dai an taru, kuma bai san ranar da za a sake taruwa haka ba, a yi zaɓen. Ya ce masu son Tela su ɗaga hannu. Zauren ya zama dajin hannaye. Har yaran suka ɗaga, aka ce su sauke, suka ƙi.

"Masu son Goggo fa?"

Hannu biyu suka tashi. Hedimasta ya leƙa, ya gyara murya.

"Goggo, hannu ɗaya ake ɗagawa."

Ta sauke ɗaya. Ta waiwaya ta dubi ɗanta, ɗanta ya dubi silin. Ta dubi mai nama, mai nama ya sunkuya yana gyara takalmin da ba shi da igiya.

Tela ya tako ya zauna a kujera mai katifa, ya ɗan yi tsalle a kai sau biyu don ya ji laushinta. Ba wanda ya tafi gida. Iyaye suka yanyame malamai, kowa yana tambayar yadda nasa yake a aji tun da an riga an ji mafi muni. Makanike ya ɗauki kan famfo ya ce a nuna masa wurin. Mai Wanki da matar mai kanti suka tsaya gaban malamar lissafi suna ba da haƙuri tare, kowacce tana cewa nata ne ya fi laifi.

Goggo ta ɗauki jakarta, ta gyara atamfa, ta bi ta tsakiya kamar yadda ta shigo, ba sauri. Da ta kai ƙofa ta tsaya kusa da mai gadi, ta juyo ta ƙare wa zauren kallo, ta nuna Tela da haɓa.

"Ka gan shi can yana washe baki? Ka ƙirga duk wanda ya zaɓe shi. Ni na kawo masa su."